Ƙarar da Ta Biyo Mu Daga Gulbin Kaba Zuwa Maraɗi

Duk shekara idan kaka ta yi, an yanke gero an shiga roron wake, nakan bar Damagaram in yi yamma, in zaga ƙauyukan jihar Maraɗi ina ganawa da mutanen da ke tara mana wake da aya da riɗi. Bana da ƙanena muka tafi, shi ke riƙe da sitiyari. Motarmu Hilux ce kat-kat, wato mai iya ja da ƙafa huɗu, mai shan gazuwal, irin ƙirar da Toyota ta fara fitarwa a 2005. Ta ci hanya ta ƙoshi, amma injinta lafiya lau, ko hayaƙi ba ta yi.

Wanda ya miƙe kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ba tare da ratse ba, kimanin kilomita 235 ne tsakanin Damagaram da Maraɗi, ya wuce Takeita, Tasawa, Gazawa, Agye, Cadawa, ya shiga gari kafin azahar. Mu kuwa harkarmu ba a bakin kwalta take ba. A Tasawa muka sauka daga babbar hanya, muka bi ta cikin gonaki muka nufi wajen Mayahi.

Ina son wannan yankin, kuma abin da ya fi burge ni a cikinsa itatuwa ne. Gona bayan gona, ga gawo, ga kalgo, ga sabara da aka bari ta miƙe ta zama itace. Dattawan wurin za su gaya maka a shekarun fari na 1970 da 1980 idan ka tsaya a nan kana hango gari na gaba, ba abin da ke tare maka ido. Sassaben zamani ne ya dawo da su: maimakon manomi ya share duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai ya zaɓi ƙarfafa ya bar su, ya datse sauran. A nan jihar Maraɗi aka fara yaɗa dabarar a farkon shekarun 1980, tare da wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, daga baya ta bazu har wasu ƙasashe. A lokacin da muka ratsa, gawo ya fara fitar da sabon ganye yayin da komai ke bushewa, kamar yadda ya saba, awaki jajaye na kiwo a ƙarƙashinsa.

Hanyar dai ba ta da daɗi. Wani wuri burji ne mai gargada, wani wuri sawun amalanke ne kawai cikin yashi. Da muka gangara Gulbin Kaba, inda kaba da goruba suka cika kwarin, yashi ya yi zurfi har ƙanena ya tsaya ya sa karabo, ƙafafun gaba su ma suka kama ja. Mun haye lafiya. Muna hawa tudun da ke gaba, ya mayar da giyar yadda take, sai muka fara jin abu a gaban motar, ta ɓangaren dama: ƙwar-ƙwar-ƙwar, duk sanda taya ta hau gargada.

"Yaya, ka ji?"

Na ce na ji. Ya rage gudu, ƙarar ta ragu. Ya ƙara, ta ƙaru. Ya tsaya ya duba, ya leƙa ƙarƙashi, bai ga abin da ya karye ko ya zubo ba. Shi a ransa kardan ne, sandar nan da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba, tunda bayan sa karabo abin ya fara. Hujjarsa ba ta da laifi, sai dai ni akwai abin da ya fi damuna. Can ƙarƙashin wannan ƙarar mai yawa, nakan ji wata guda ɗaya mai nauyi, ɗum, ba kullum ba, sai taya ta faɗa rami ko ya taka birki a hankali. A tafin ƙafata nake jin ta fiye da kunne.

A Mayahi muka tsaya wurin wani mai faci, ya bi notocin tayoyin gaba ɗaya bayan ɗaya da sifana, duk shida-shida a ɗaure tam. Wannan ya kwantar mini da hankali kaɗan, domin sakin noti shi ne abu mafi sauƙin dubawa, kuma yana cikin mafi saurin kisa. Kafin ya gama mutane sun taru. Wani ya ce amortisar ne, mai shanye girgizar hanya, wani ya ce rulma, wani dattijo da ya yi tuƙin manyan motoci ya ce mu ɗauke ta a hankali mu kai Maraɗi da sauran rana. Maganarsa muka bi.

Da muka hau kwalta mai santsi ƙarar farko ta ɗauke ɗif, ka ce ba a taɓa yin ta ba. Ta biyun kuwa tana nan. Duk tudun rage gudu da muka hau a bakin gari, sai na ji ɗum. Ƙanena kuma ya ce sitiyarin ya ɗan yi masa sako-sako, sai ya riƙa gyara ta a hanya madaidaiciya. Mun wuce Cadawa, inda buhunan aya ke jibge a bakin hanya ana jiran manyan motoci, ban ko tsaya tambayar farashi ba. La'asar sakaliya muka shiga Maraɗi, cikin cunkoson kaɓu-kaɓu da adaidaita, muka sauka gidan wani abokin cinikina a unguwar Zariya.

Da safe mun fara tsayawa wani gareji kusa da masaukinmu. Saurayin da ya tarbe mu ya danna gaban motar da hannu, ya ce amortisar biyu ne za a sake, har ya faɗi kuɗinsu. Bai shiga motar ba, bai leƙa ƙarƙashinta ba. Muka yi masa godiya. Mai masaukina ya ce mu zo ya kai mu wurin wanda yake kai tasa.

Garejin fili ne kawai da rumfar kwano da inuwar bedi, ƙasa ta yi baƙi da tsohon mai. Kat-kat ne birjik a wurin, Hilux da Land Cruiser, wasu na ƴan kasuwa wasu na ma'aikatan da ke shiga daji. Maigidan dattijo ne, gemunsa ya yi fari, yaransa na ce masa Baba, mu ma muka bi sahu. Bayan gaisuwa ya sa aka ba mu benci, shi ya zauna kan wata tsohuwar taya. Ko kallon motar bai yi ba tukuna. Ƙanena ya fara cewa, "Baba, kardan ne muke zato..." sai ya ɗaga masa hannu.

"Bari sunan ƙarhe tukuna, ɗana. Hwaɗa mini abin da kunnenka ya ji. Yaushe take zuwa? Ga rami, ko ga kwana, ko ga birki? In kana gudu tana ƙaruwa, ko sai hanya ta ɓaci? Da karabo ko babu?"

Tambayoyin nan sun ɗauki lokaci, kuma kowace da dalilinta, kamar yadda ya riƙa bayyana mana. Rulma, wadda taya ke juyawa a kanta, idan ta mutu gurnani take yi, wuuu, yana ƙaruwa da gudu ko da hanya santsi ce, ba ruwanta da rami. Kardan idan kansa na waje ya ci, ƙas-ƙas-ƙas yake yi a jere lokacin da aka karya kwana ana ba da wuta, ya fi fitowa in an sa karabo. Abin da ke ƙara a gargada ya yi shiru a kwalta, galibi wani abu ne da ya saki yake kaɗawa. Da na ambaci ɗum ɗin da nake ji a ƙafa, sai ya dube ni sosai.

"Alhaji, wagga ta biyun, kai kaɗai ka ji ta?"

Na ce ƙanena ma ya ji, amma ta farkon ta rufe ta. Ya miƙe ya ce a ba shi makulli.

Shi ya tuƙa, ni a gefensa, ƙanena da wani yaronsa a baya. Ya sauke gilasai duka, ya kashe rediyo. Ya fara da kwalta: ya ɗan ba ta wuta, ya riƙa karkata ta hagu da dama a hankali. In ka karkata hagu, in ji shi, nauyi kan ƙafar dama yake komawa, rulmar da ta lalace a wannan ɓangaren sai ta ɗaga murya. Ba mu ji komai ba. Daga nan ya shiga wani fili mai yashi, ya sa karabo, ya murɗe sitiyari har ƙarshe ya yi ta kewaya, ya juya ɗaya hannun, ya yi da baya. Babu ƙas ko ɗaya. Ya waiwaya ya ce wa ƙanena, "Kardanka lahiya lau shike." Ya cire karabon kafin mu koma kwalta, ya kuma ja masa kunne a kan haka: irin wannan motar idan an haɗa gaba da baya, dole su juya daidai da juna, alhali a kwana ƙafafun gaba sun fi na baya yin nisa. A yashi taya na zamewa ta sauke wannan bambancin. A kwalta ba inda za ta zame, sai ƙarfen ya riƙa murɗuwa, mota ta riƙa tirjewa tana ƙara, har a ɓata abin da lafiyarsa lau.

Sai ya nemi wani lungu mai gargada, abin da ba ya wuyar samu a cikin unguwanni. Nan take ƙwar-ƙwar ta dawo. Ya ɗora ƙafar hagu kan birki kaɗan yana tafiya. Da takalman birki ne ke kaɗawa a mazauninsu, da sun yi shiru sa'ad da aka matse su. Ƙarar ba ta canza ba.

Da muka koma gareji ya sa yara biyu suka kama bodin motar ta gefe suna girgiza ta, shi kuma ya kwanta a ƙasa yana bin ƙarafa da hannu. Ya ƙwanƙwasa farantin ƙarfen da ke kare ƙarƙashin inji, a ɗaure yake. Ya duba robobin da suka rufe kawunan kardan, ba tsaga, ba giris a waje. Ya shafa jikin amortisar, a bushe, ba alamar yoyon mai, kuma da aka danna motar aka saki sau ɗaya ta ɗago ta tsaya. Can sai ya kira ni in sa hannu. Akwai wata sanda da ta ratsa gaban motar daga ƙafa zuwa ƙafa, aikinta hana mota tangaɗi a kwana, kowane bakinta an haɗa shi da ƙafa ta wani ɗan guntun ƙarfe. Na dama ya ci, yana rawa a hannuna duk sanda yaran suka girgiza.

Ƙanena ya yi murmushi ya ce alhamdulillahi, an gano. Ni ma na ji sanyi, domin ɗan ƙarfen nan ba shi da tsada. Baba bai ce komai ba. Ya kwance shi gaba ɗaya, ya ɗaure bakin sandar da tsohuwar roba don kada ta taɓa komai, ya ce mu koma lungun nan. Wannan karon gargadar shiru, ƙwar-ƙwar ta tafi. Muna cikin haka taya ta faɗa wani ɗan rami, sai ɗum, ita kaɗai, a fili, kowa a motar ya ji ta.

"To," in ji shi, "wancan mai surutu ne kawai. Ga mai maganar nan."

A nan na ga bambancin wanda ya san aiki. Yaronsa ya kawo jak zai sa a ƙarƙashin shasi, ya hana shi, ya ce a sa ƙarƙashin hannun ƙasa, kusa da taya. Gaban wannan ƙirar ba irin na tsohuwar Hilux ba ne ko na Land Cruiser ɗin ɗaukar kaya, masu gada guda daga taya zuwa taya. Kowace ƙafa zaman kanta take, tana rataye da hannu biyu, na sama da na ƙasa, kuma sifirin ɗin da ya naɗe amortisar a kan na ƙasa yake zaune. In ka ɗaga mota ta shasi, sifirin na ci gaba da danna hannun, ya matse mahaɗar, ka girgiza taya ka ji ta tam alhali a lalace take. In ka ɗaga ta hannun, jak ya karɓi ƙarfin sifirin, mahaɗar ta saki jiki ta nuna halinta. Motoci da yawa, in ji shi, an duba an ce lafiya lau saboda wurin da aka sa jak kawai.

Ya kama tayar ta gefe da gefe ya girgiza, don ya ji ko sandunan sitiyari sun yi wasa. Babu. Ya juya ta da hannu, ɗaya hannun kan sifirin, ko zai ji gurzar rulma. Babu. Sai ya sa dogon ƙarfe ƙarƙashin tayar, ya ce in durƙusa in ɗora yatsuna kan rotil na ƙasa. Yaro ya ɗaga ƙarfen ya saki. Na ji abin ya motsa a ƙarƙashin yatsuna, sama da ƙasa, ɗan kaɗan, tare da wannan ɗum ɗin da na sani. Gani ya kori ji.

Rotil, ga wanda bai taɓa ganinsa ba, kamar mahaɗar cinyar rago yake da ƙugu: dunƙulen kai ne a cikin kwarmi, yana juyawa ko'ina amma ba ya fita. Shi ke riƙe da ƙafar mota, ya bar ta ta hau ta sauka ta kuma juya. Ana cika shi da giris a rufe da ƴar roba. Tamu robar ta tsage ta baya, inda ido ba ya kaiwa sai an kwanta. Baba ya lakato abin da ke ciki ya murza mini a tafin hannu: ba giris ba ne kuma, yashi ne da tsatsa. Ya nuna mini bakin tayar ta ciki, ya fi na waje cinyewa. Wato abin ya daɗe yana ci, Gulbin Kaba ƙarasa shi kawai ya yi.

Na tambaye shi ko za ta iya kai mu gida haka, a gyara a can.

"Alhaji, tana iyawa, tana kuma iya ƙi. In kan nan ya hita daga kwarmi, taya naɗewa take ƙarƙashin mota, ta tsinke tiyon birki, ta zare kardan. Na ɗauko irinsu da yawa bisa hanyar Dakwaro. Wanda Allah ya taimaka, a kwanar gida take samunshi. Ni dai ba ni cewa ka tahi."

Har yanzu idan na tuna cewa da an sake mana amortisar biyu, ko ma ɗan ƙarfen nan kaɗai, mun kama hanya da murna, sai gabana ya faɗi. Ƙarar da ta cika mana kunne za ta tafi, mu ɗora buhuna a baya, mu hau kwalta da gudu.

Ya ce a sake na dama da na hagu tare, tunda shekarunsu ɗaya kuma hanya ɗaya suka ci, haka ma ƴan guntayen ƙarafan sandar tangaɗi. Bai yarda ya sayo da kansa ba. Ya haɗa mu da babban yaronsa, ya ce mu je mu gani da idonmu. Maraɗi ba ta rasa kayan mota: iyaka na kusa, ta Ɗan Isa a shiga Jibiya da Katsina har Kano, kuma a shaguna da yawa ana karɓar naira kamar yadda ake karɓar sefa. Matsalar ba samu ba ce, zaɓi ne. An fito mana da iri-iri, kwalayensu kusan ɗaya, kuɗinsu da nisa tsakani. Yaron ya riƙa fitar da kowanne yana gwada murɗa kan da hannu. Wanda ya juya cikin sauƙi ya mayar, ya ce sabon kirki da ƙyar yake motsi. Ya duba kaurin robar, ya duba zaren noti. Na hannu kuwa, da aka ciro daga wata motar, ya ce Baba ba ya sa shi a wannan wurin ko kyauta aka ba shi. Muka sayi mai tsadar.

Aikin ya ci yini, sai na bar ƙanena a can na bi mai masaukina cikin gari. Mun gangara tsofaffin unguwanni, wajen fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Sunan sarautar kansa tarihi ne: zuriyar sarakunan Katsina ce da suka baro birninsu bayan jihadi a farkon ƙarni na 19, suka kafa mulki a bakin gulbi. A cikin kwarin garin yake da fari, sai ambaliyar 1945 ta sa aka hau da shi tudu, shi ya sa titunan tsakiyar gari suke a miƙe, an yanka su kafin a yi gini. Daga bakin tudun kana hango fadama kore shar, lambuna da mangwaro, ga masu ban ruwa. Mun sha fura a kasuwa, na sayi kilishi na gida, na kuma samu na yi maganar aya da mutanen da na wuce a Cadawa, domin dilolinsu duk a nan suke.

Da na dawo bayan la'asar an kusa gamawa. Na tarar Baba da kansa yana ɗaure babban notin rotil, ya zura masa sabon fil, ɗan siririn ƙarfen da ke hana noti kwancewa, ya lanƙwasa bakinsa. Ya ce ya sha ganin inda aka sa ƙusa ko waya a wurin, ko aka bar shi haka nan. Notocin da ke riƙe da robobin hannun ƙasa kuwa bai ƙarasa ɗaure su ba sai da aka sauke motar ta tsaya da nauyinta, don in an ɗaure su tana rataye, robar a murɗe za ta zauna, ba ta daɗewa. Daga nan ya tura mu wurin masu saitin ƙafa, ya ce duk wanda ya taɓa rotil bai yi saiti ba, taya zai saya. Tayar da ta cinye ta ciki aka mayar da ita safaya.

Gwajin ƙarshe kan hanyar Tibiri muka yi shi, garin Sarkin Gobir, ƴar tafiya kaɗan daga Maraɗi. Ƙanena ke tuƙi, Baba a gefensa, ni a baya. Mun hau tudun rage gudu, mun sauka gefen hanya mun bi gargada, mun taka birki a hankali da ƙarfi. Shiru. Ƙanena ya ce sitiyarin ya dawo hannunsa.

Kuɗin aikin da Baba ya faɗa bai kai na amortisar ɗaya ba. Na ƙara wa yaran wani abu, ya sa mana albarka. Ya ce wa ƙanena idan mun kai Tasawa ya tsaya ya sake bin notocin taya, kuma duk sanda aka yi juyen mai ya kwanta da fitila ya duba robobin nan ɗaya bayan ɗaya, na rotil da na kardan, tun ba su tsage ba. Washegari muka yi lodin wake a Agye, muka tsaya a Tasawa aka bi notocin, biyu a ƙafar dama suka ɗan karɓi sifana, sauran tam.